Alhamis ɗinmu a Hanyar Asibiti

Shekarar da aka kama Yayana, ban fi wata huɗu da karɓar lasin tuƙi ba. Ina tuna wannan ne saboda rabin abin da ya biyo baya a cikin mota ya same ni, hannuna biyu a kan sitiyari, Inna a gefena tana jan carbi tana cewa in rage gudu ko da kuwa tsaye muke a danja.

A lokacin muna tsohon gidanmu na bayan Masallacin Ƙiblatain a Madina, gidan da Baba ya gina kafin a haife ni. Kakanmu da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano, ya yi shekaru a Sudan yana noma kafin ya ƙetaro ruwa. Mu a nan aka haife mu, takardunmu na nan ne. Inna Hausa take yi mana tun daga asuba har kwanciya, mu kuma mu amsa da Larabci. Ni nakan ɗan taɓa, Yaya kuwa ko kaɗan. In ta ce, "Ka ci abinci?" sai ya ce, "Alhamdulillah, ya ummi," ya wuce ɗakinsa.

Mu uku muka rage a gidan bayan rasuwar Baba. Ni ina aikin ofis a wata makarantar 'yan mata. Yaya ya girme ni da shekara bakwai, aurensa ya mutu ya dawo gida, kuma direban bas ne mai kwaso alhazai daga filin jirgi zuwa masaukansu. Mutum ne mai son aikinsa. Yakan dawo da labarin tsofaffi daga ƙasashe iri-iri da suke fashewa da kuka da zarar sun hango hasumiyoyin Harami ta tagar bas, yana kwaikwayonsu yana dariya, amma shi ma idonsa ya cika.

Ba a rana ɗaya ya sauya ba. Da farko ramewa ya yi, har ƙashin wuyansa ya fito. Sai ya daina cin tuwon Inna, wanda a da yake sa a ajiye masa ɗumame. Yana zaune za ka ji haƙoransa suna gugar juna. In ya soma magana ba ya tsayawa, in ya yi shiru kuma sai ya wuni bai ce uffan ba. Wata Juma'a a tsakiyar zafi ya kwance mukayyif ɗin ɗakinsa, na'urar sanyaya ɗaki, gunduwa-gunduwa, wai akwai abin da aka sa a ciki yana sauraronsa, ya zauna cikin gumi yana bin wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Inna ta ce kambun baka ne. Ta riƙa ba shi zamzam da dabinon ajwa kullum da safe, tana tofa masa addu'a a ka. Ni na san ba baki ba ne. Na taɓa ganin farar ƙwaya a aljihun rigarsa da nake wanki, irin wadda direbobi ke haɗiya don kada barci ya ɗauke su. Na mayar da ita inda na gan ta, ban gaya wa kowa ba.

Da hantsi aka kama shi, a shingen bincike na hanyar filin jirgi, yana cikin ƙaramar motarsa zai tafi aiki. 'Yan ƙwayoyi kaɗan aka samu, amma gwajin da aka yi masa ya nuna abin ya daɗe a jikinsa. Baffa aka kira, ƙanin Baba, wanda ya yi ritaya daga aikin gidan waya kuma ya san ƙofar kowane ofis a Madina. Ya shigo gidan bai ko zauna ba, ya faɗa mana a tsaye. Inna tana tsintar shinkafa a faranti. Ta ci gaba da tsintar har ta gama, ta rufe farantin, sannan ta ce, "To, ina za mu je?"

Ranar da za a yanke hukunci mu uku muka tafi mahkama, wato kotu, ni da Inna da Baffa. Ɗakin ƙarami ne, bai kai yadda na zata ba. Alƙalin dattijo ne mai tabarau a ƙarshen hanci, ya daɗe yana juya takardu. A ciki akwai rahoton likita, akwai kuma wasiƙar da Baffa ya samo daga wurin aikin Yaya cewa bai taɓa yin laifi ba. Yaya yana tsaye, rigar ta yi masa yawa. Alƙalin ya tambaye shi ko ya taɓa sayar wa wani, ya ce a'a. Ya tambaye shi shekara nawa yana sha, ya ce uku. Inna ta juyo ta dube ni, na sunkuyar da kai.

"Kana so ka bari?" in ji alƙalin.

Baffa ya riga ya koya masa abin da zai ce. Amma Yaya ya ce, "Wallahi ya Shehi, ban sani ba. Ina so in yi barci dai."

Na ji Baffa ya ja tsaki a hankali. Alƙalin ya cire tabarau ya dube shi. Ya ce doka ta ba shi hanya biyu a kan mutum irinsa, ko gidan yari ko asibiti, shi kuma ya zaɓi asibiti. Wata shida, ba fita sai da izinin likitoci, kuma za a riƙa aiko masa da rahoto. In ya gudu ko ya ƙi magani, a dawo da shi nan, hanya ta biyu tana jiransa.

Na ɗauka kowa zai yi murna. Muna fitowa Baffa ya soma faɗa a bakin mota. Shi a ganinsa gara gidan yari. Ya ce namiji yakan shiga kurkuku ya fito, mutane su ce ƙaddara ce, amma wannan asibitin gini ɗaya yake da na masu taɓin hankali, kuma wa zai ba mahaukaci 'yarsa, wa zai zo neman ƙanwar mahaukaci? Inna ta bar shi ya gama. Ta ce, "Alhaji, ni dai na ji an ce za a bar shi ya yi barci." Ta buɗe ƙofa ta shiga.

Duk da haka maganar Baffa ta kama ta. Da maƙwabta suka soma tambaya, sai ta ce an mayar da shi aiki Yanbu. Ta ƙawata labarin har da ɗakin da kamfani ya ba shi mai kallon teku.

Sati uku na farko ba a yarda kowa ya gan shi ba. A na huɗu aka ce mu zo Alhamis bayan la'asar. Asibitin yana can wajen gari, bayan gidaje sun ƙare, inda baƙaƙen duwatsu suke shimfiɗe hagu da dama. Inna ta tashi tun safe ta yi masa miyar kuka da tuwon shinkafa, ta zuba a kula. A ƙofa aka karɓe kular, aka ce ba a shiga da abinci daga waje. Ta yi bayani da Larabcinta mai kama da Hausa har ta gaji, mai gadin yana ta cewa, "Ma'alesh, ya hajja, mamnu'."

Ɗakin ziyara dogo ne, da tebura na roba da kujeru hurhuɗu. Aka shigo da Yaya cikin shuɗiyar riga da wando. Bai gaishe mu ba. Ya zauna yana kallon bango, ƙafarsa tana rawa a ƙarƙashin tebur. Can ya soma, da Larabci, murya ƙasa-ƙasa. Wai mun yar da shi. Ba mahaukaci ba ne. Ya warke, ya fi sati uku bai sha komai ba, me kuma ake jira? Wai Inna ta je ta roƙi likita, uwa ce, za a saurare ta. Daga faɗa ya koma magiya, ya kama hannunta ya ɗora a goshinsa. Ban taɓa ganin Yaya yana roƙon kowa ba.

Inna ta ce, "Ba ni na kawo ka ba, ba kuma ni zan fitar da kai ba. Takardar alƙali ce."

Ya saki hannun, ya miƙe, ya koma ciki tun lokaci bai cika ba.

A mota ta yi kuka har muka shigo gari. Sai da muka kusa gida ta share fuska ta ce da ni, "Allah ya saka wa Shehin nan. Da a hannuna abin yake, wallahi da yanzu yana zaune a bayan motar nan." Muka ci tuwon mu biyu a tsakar gida, ya riga ya huce.

Alhamis ta uku ce ta kawo mana Hajiyar bakin layi. Maƙwabciyarmu ce, gida huɗu tsakaninmu, iyayenta mutanen ƙasar Tawa ne, mai yawan magana da son ƙamshi. Tun watanni take gaya wa mata cewa ɗanta yana Jidda yana karatun kwamfuta. Muna zaune muna jiran a shigo da Yaya, sai ga wata mata ta ja kujera a teburin da ke kusa da mu. Duk da niƙabi, turarenta ya riga ya faɗa mana ko wace ce. Suka kalli juna ita da Inna.

Hajiya ce ta fara magana. "Ashe Yanbu nan take?"

Inna ta ce, "Ga ta nan kusa da Jidda."

Suka fashe da dariya har ma'aikaciyar da ke bakin ƙofa ta leƙo. Dariyar ta juye kuka, suka riƙe hannun juna ta tsakanin teburan. Nata ɗan barasa ce ta kawo shi, irin wadda ake haɗawa a ɓoye, shi ma alƙali ne ya turo shi. A tasi take zuwa ita kaɗai, tana sa direban ya sauke ta nesa da ƙofa.

Daga ranar muka zama mu uku a mota. Waɗannan Alhamis ɗin su nake kewa. Ana sallame la'asar zan tsaya a ƙofar Hajiya, ta fito da fulas ɗin shayi mai na'ana'a da 'yan kofuna a jaka. Su biyun suka koma kujerar baya, suka mayar da ni direba sosai. A hanyar nan na ji labaran da ban taɓa ji ba a gida. Yadda Inna ta fara ganin Baba a kasuwa yana cinikin buta ya kasa. Yadda unguwarmu take lokacin da gonakin dabino suka zagaye ta, yara suna wanka a magudanar ruwan rijiya. Waɗanda suka zo da ƙafa, waɗanda suka mutu a hanya, waɗanda suka yi niyyar komawa gida bayan hajji ɗaya har jikokinsu suka yi furfura a nan. Sukan yi gardama a kan kalma, Inna ta ce ba haka ake faɗa a Kano ba, Hajiya ta ce ai ku Kanawa ku kunka ɓata Hausa. Alhali ba wadda ta taɓa taka ƙasar da take karewa. In mun dawo nakan bi ta titin Sultana in tsaya wurin mai tamis, burodin nan mai faɗi, mu sayi mai zafi, su yage shi a mota suna cewa kada in gaya wa likitan sukarinsu.

Yaya ya soma sauyawa a wata na uku. Kumatunsa suka ciko. Ya ce yana barci har sai an tashe shi. Akwai wani ma'aikacin jinya Basudane a sashensu, Bahaushe, wanda ya zauna da shi a kwanakin farko da jikinsa ke karkarwa yana ganin abubuwa a bango. Yaya ya ce mutumin bai yi masa wa'azi ba, yakan dai ce, "Sannu, ɗan'uwa, zai wuce," ya miƙa masa ruwa.

Wata Alhamis ɗakin ziyarar ya cika, teburan sun matsu, na kusa da mu suna jin duk abin da muke faɗa. Yaya ya dubi hagu da dama, ya matso, ya buɗe baki da Hausa. Rabon da in ji jimla cikakkiya ta Hausa a bakinsa tun muna yara.

"Inna, ina so in faɗa maka wani abu."

"Miki," in ji Inna, ba tare da ta yi tunani ba.

"Miki." Ya ce lokacin aikin hajji ne abin ya fara. Jirage suna sauka ba tsayawa, direbobi sun yi kaɗan. Wata rana da azahar ya kwaso tsofaffin mata daga Najeriya, bas cike, suna ta salati. Idonsa ya rufe. Bai san na tsawon yaya ba, ƙarar taya a gefen titi ce ta farkar da shi. Ba wanda ya lura sai wata tsohuwa da ke bayansa, ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Ɗana, ka gaji." Da ya sauke su, wani abokin aiki ya ba shi ƙwaya guda ya ce wannan ta isa. Ta kuwa isa, a ranar. Bayan hajji ya wuce ya ce zai bari, ya ga bai iya tashi daga gado in babu ita. Daga baya har kwana uku yakan yi bai runtsa ba, yana tuƙa mutane hamsin, yana ganin karnuka suna tsallaka titi inda babu kare.

"Da na kashe su fa?" ya ce. "Baƙin Annabi. Da na kashe su?"

Hausar tana karyewa, yana cike gurbin da Larabci, hawaye yana zuba a kan teburin roba. Inna ba ta sake gyara masa ko kalma ɗaya ba. Ta ce, "Allah bai nufa ba. Ya tsare su, ya tsare ka, ya sa aka tare ka a hanya." Ni kuma a nan na faɗi nawa, cewa na ga ƙwayar a aljihunsa tun da daɗewa na yi shiru. Yaya ya ce da na yi magana ma ƙaryata ni zai yi. Inna ta ce, "To ni da nake ta ɗura masa zamzam fa?" Sai muka sami kanmu muna dariya da jajayen idanu.

A wata na biyar aka kira iyalai zama da wata likita. Ta yi mana bayanin abin da zai biyo bayan sallama, gwajin fitsari lokaci zuwa lokaci, zaman mako-mako, da alamomin da za mu lura da su. Ta ce abin da ya fi mayar da mutum baya shi ne gidan da kowa yake yin kamar ba abin da ya faru. Na fassara wa Inna. Da aka yi sunan jikar wata ƙawarta a satin, mata cike da falo, wata ta tambaye ta labarin mutanen Yanbu. Inna ta ce, "Ba ya Yanbu. Yana asibiti, ƙwaya ce ta kama shi, alƙali ya tura shi magani. Ku sa shi a addu'a." Baffa ya yi wata guda bai taka gidanmu ba. Amma a cikin watan nan mata uku suka zo wurin Inna, kowacce ita kaɗai, suna tambayar yadda ake kai mutum asibitin ba sai an kama shi ba.

An sallami Yaya da safiyar wata Lahadi, bayan rahoton ƙarshe ya je wurin alƙali ya sa hannu. Bai koma tuƙin bas ba, shi da kansa ya ce ba zai koma ba. Baffa, da fushinsa ya sauka, shi ya samo masa wuri a shagon wani abokinsa mai gyaran kujeru da labule a Sultana. Ya koyi aikin da ƙyar, yatsunsa duk tabon allura. Ba zan ce hanyar ta miƙe sumul ba. Akwai watannin da yake tashi ba ya son ganin kowa, akwai ranar da ya ga tsohon abokin aikinsa a gidan mai ya dawo gida fuskarsa ta yi fari. Amma gwajinsa bai taɓa fitowa da komai ba.

Ɗan Hajiya bai yi irin wannan sa'ar ba. Saura sati biyar ya gama, ya tsallake katanga. Aka kama shi a gidan wani abokinsa, alƙali ya cika masa alkawarin da ya yi. Hajiya ta yi kwana uku ba ta fito ba. A na huɗu Inna ta ce in ɗauko makullin mota, ta je ta fito da ita da kanta. Muka koma kai ta ziyara gidan yari, wannan karon ta ga ɗanta ta bayan gilashi, mu kuma mu jira ta a mota. Sai bayan ya fito ne ya kai kansa asibitin nan da ƙafarsa. Yau yana sayar da kayan waya, yana faɗuwa yana tashi.

Inna ta rayu shekara huɗu bayan haka. Ciwon ajalinta a ƙashi ya kama ta, kuma Yaya ne ya yi jinyarta fiye da ni. Shi yake ɗaga ta, shi yake juya ta, shi yake tura kekenta zuwa Harami in ta matsa sai ta je. Da ciwon ya tsananta likita ya rubuta mata magani mai ƙarfi, irin wanda ba a bayarwa sai an sa hannu. Yaya ne ya karɓo. Ya shigo kicin ina yanka albasa, ya ajiye ledar a gabana, ya ja da baya.

"Ke ki riƙe wannan," ya ce. "Ki sa a inda ban sani ba. In lokacin sha ya yi, ki kawo guda ɗaya, ni zan ba ta."

Na ce, "Yaya, shekara huɗu fa."

Ya ce, "Na sani. Ki riƙe dai."

Na ɓoye shi a cikin gwangwanin kanwa a saman kabad. Duk bayan awa takwas in ciro ɗaya in sa masa a tafin hannu, ya ɗago kan Inna, ya ba ta da ruwa a cokali, ya gyara mata matashi. Haka muka yi har sati bakwai. Ta rasu da walaha ranar Talata, aka yi mata salla bayan la'asar, Yaya yana cikin waɗanda suka sauka kabarin a Baƙi'a. Washegari ya ce in ɗauko sauran maganin, muka tafi tare muka mayar wa asibitin da ya ba mu.